Yadda ake gano tarihin garken taurarinmu daga sinadarai da shekarun taurari

Wanda ya taɓa kwana a fili a ƙauyukan bayan Mirya ko kan hanyar Tanut, a daren da babu farin wata kuma ruwa ya wanke ƙura, ya san farin zanen nan da ke ratsa sama kamar an barbaɗa gari. Garken taurarin da muke ciki ke nan, galaksinmu, muna hangensa daga ciki. Rana ɗaya ce cikin taurarinsa sama da biliyan 100, kuma tsakaninta da cibiyar garken akwai tafiyar haske ta shekara wajen 26,000.

Ɗalibai masu karatun fizik a nan Damagaram sukan ce mini, "Mushe, mu da ko madubin hangen nesa ba mu da shi, ina mu ina binciken taurari?" Amsar da nake ba su ita ce, awon an riga an yi, an zuba shi a intanet kyauta. Lissafi ne ya rage. Aikin da zan bayyana a nan, ƙaramar kwamfuta ta ishe shi, da Python, da haƙurin maimaita abu sau goma.

Abin da ya kamata ka riƙe kafin ka kunna kwamfuta

Ka tuna marina. Mai rini yana da raminsa, yau ya ƙara baba, gobe ya ƙara ruwa, jibi ya kwashe wani abu. Duk ƙyallen da aka tsoma da launin ramin na wannan rana yake fitowa, kuma da shi zai zauna. In ka tara ƙyallaye dubu, kowanne ka san ranar da aka tsoma shi, kana iya faɗin yadda aka riƙa tafiyar da ramin ko ba ka taɓa ganin mai rinin ba. Gas ɗin da ke tsakanin taurari shi ne ramin, taurari su ne ƙyallayen. Fatar tauraro ta waje tana riƙe da haɗin gas ɗin da aka haife shi a ciki, shekaru biliyoyi. Kabon da naitrojin da litiyam kan canza in tauraro ya tsufa ya kumbura, amma baƙin ƙarfe da magniziyam suna nan yadda suke.

A lissafin masana, shekara biliyan 13.8 da suka wuce gas ɗin farko kusan kashi uku cikin huɗu haidrojin ne, kashi ɗaya hiliyam, sai ɗan litiyam. Sauran sinadarai kusan duk a cikin taurari aka dafa su. Ranarmu da aka haifa shekara biliyan 4.6 da suka wuce ta tarar da ramin ya riga ya yi launi: wajen kashi 1.4 cikin ɗari na nauyinta sinadarai ne masu nauyi.

Murhu biyu ne suka fi damunmu. Na farko manyan taurari, masu nauyin rana takwas zuwa sama. Ba sa wuce shekara miliyan 40, sai su fashe su watsa oksijin, magniziyam, silikon da kalsiyam, waɗanda ake kira sinadaran alfa, tare da ɗan ƙarfe kaɗan. Fashewar da aka gani a 1987 a Babban Gajimaren Majelan, wani ƙaramin garke maƙwabcin namu, ƙarfen da ta fitar wajen 0.07 na nauyin rana ne kawai. Murhu na biyu shi ne farin wada, gawar ƙaramin tauraro, wanda in yana da abokin zama yakan fashe shi ma, fashewar da ake kira nau'in Ia. Wannan ƙarfe yake zubarwa, fiye da rabin nauyin rana a fashewa ɗaya, amma sai ya yi jinkiri, daga shekara miliyan ɗari zuwa biliyoyi. Wannan jinkirin shi ne agogon aikin gaba ɗaya. Tauraron da ke da alfa mai yawa a kan ƙarfe, an haife shi kafin fararen wadanni su fara zuba nasu.

Ana rubuta yawan sinadari da logaritim, a gwada da rana. [Fe/H] na sifili yana nufin ƙarfe daidai da na rana, −1 kashi ɗaya cikin goma na rana, −2 kashi ɗaya cikin ɗari. Haka [O/Fe] na +0.3 yana nufin oksijin a kan ƙarfe ya ninka na rana sau biyu.

Mataki na farko: ɗebo taurarin

Manyan rumbuna uku ne. APOGEE, wanda ya yi awo da jan hasken da ido ba ya gani daga jihar Niyu Meksiko ta Amurka da kuma ƙasar Cile, ya saki bayanansa na ƙarshe, DR17, a Disamban 2021, taurari sama da 650,000. GALAH yana Ostareliya. Gaia kuwa tauraron ɗan Adam ne na hukumar sararin samaniya ta Turai, an harba shi a 2013, kuma bayanansa na Yunin 2022 sun ƙunshi matsayin taurari wajen biliyan 1.8. Ka fara da APOGEE kaɗai. Kada ka gauraya awon rumbu biyu tun farko, domin kowanne da mudunsa, kuma bambancin mudu yana iya yi maka kama da sabon bincike.

Cikakken fayil ɗin APOGEE gigabait da yawa ne, zai cinye maka forfe a banza. Ka shiga CasJobs, shafin neman bayanai na SDSS, babban shirin da APOGEE ke ƙarƙashinsa, ka nemi ginshiƙan da kake so kawai: TEFF (zafin fatar tauraro), LOGG (ƙarfin ja a fatarsa), SNR (tsabtar awon), FE_H, O_FE, MG_FE, da lambar tauraron. Ka sauke da dare lokacin da layi ya yi sauƙi, ka kwafa a kile biyu, ɗaya ka bar wa abokin karatunka.

Sai tankaɗe. Ka bar taurarin da SNR ɗinsu ya kai 80, ka jefar da duk wanda aka yi wa alamar STAR_BAD, ka cire waɗanda aka auna sau biyu. Ka tsaya kan jajayen ƙattai, wato taurarin da suka riga suka kumbura, LOGG tsakanin 1 da 3.5, zafi tsakanin 3,500 da 5,500 a ma'aunin Kelbin. Nisa kuma daga Gaia: in awon faralaks, wato ɗan gocewar da ake gani a matsayin tauraro yayin da muke zagaya rana, ya ninka kuskurensa sau goma, kuma ruwe, alamar ingancin awon, bai kai 1.4 ba, ka raba 1 da faralaks ɗin ka sami nisa a kilofasek (kilofasek ɗaya tafiyar haske ce ta shekara wajen 3,260). A karon farko ka zaɓi maƙwabtan rana kawai, masu nisan kilofasek 7 zuwa 9 daga cibiya. Rana tana wajen 8.2.

Kafin komai, ka buɗe TOPCAT, shirin duba jadawali da zana shi, ka zana [O/Fe] a tsaye, [Fe/H] a kwance. In tankaɗen ya yi kyau za ka ga jere biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, da ɗan sarari a tsakaninsu. In ka ga dunƙule guda kamar curin fura, koma ka duba tankaɗen.

Mataki na biyu: shekaru, inda ƙafar aikin take ɗingishi

Sinadari aunawa ake yi. Shekaru kuwa ba a auna su, hasashensu ake yi daga nauyin tauraro, saboda mai nauyi shi ke saurin ƙonewa. Hanyoyi uku ake bi.

Ta farko layin tsara. Masana sun lissafa inda taurarin da aka haifa lokaci guda za su jeru a zanen zafi da haske, kuma jadawalin PARSEC na Padowa da na MIST kyauta suke. Hanyar tana aiki sosai ga tauraron da ya gama ƙona haidrojin ɗin cikinsa yana shirin kumbura, domin a wannan gaɓa layukan tsara sun rabu da juna sarai. Da irin waɗannan taurari wajen 250,000 daga LAMOST na ƙasar Sin da Gaia, Maosheng Xiang da Hans-Walter Rix suka nuna a 2022 cewa mai kaurin cikin faifai biyun garkenmu ya fara haɗuwa tun shekara biliyan 13 da suka wuce. Ga jajayen ƙattai kuwa layukan sun cunkushe wuri guda, hanyar ba ta da amfani sosai.

Ta biyu girgizar tauraro. Makaɗi ya san babbar ganga da ƙaramar kalangu ba muryarsu ɗaya ba. Tauraro ma yana kaɗawa, haskensa yana ɗan ƙaruwa yana raguwa, kuma daga saurin kaɗawar ana fitar da girmansa da nauyinsa. Na'urar Kepler ta yi wannan awon ga dubban ƙattai. Ta uku ita ce kabon a kan naitrojin a fatar jan ƙato, wanda ke bin nauyinsa. Jadawalin astroNN da ke tare da DR17 ya koyi shekaru daga taurarin Kepler ya raba wa sauran, kuma shi za ka ɗauka, amma ka sa a ranka kuskurensa na iya kai kashi 30 cikin ɗari. Tauraron da aka ce yana da biliyan 10, tsakanin 7 da 13 yake.

Abu biyu za su ba ka mamaki. Za ka iya cin karo da taurarin da lissafi ya ba su shekarun da suka fi na sararin samaniya. Kada ka share su. Kuskuren awo ne ya tura su can, kuma ya tura wasu ƙasa, in ka yanke gefe ɗaya ka karkatar da matsakaicin. Za ka kuma ga ƴan taurari masu alfa da yawa amma wai matasa. Da yawansu tsofaffi ne da suka haɗiye gas ɗin abokin zamansu suka yi nauyi, tsoho ne ya rina gemu.

Mataki na uku: gina ramin da hannunka

Akwai shirye-shiryen da aka riga aka rubuta, VICE, flexCE, Chempy, OMEGA. Ni ba na barin ɗalibi ya taɓa su sai ya rubuta nasa. Layi arba'in na Python ya isa, kuma wanda ya rubuta da kansa ba a ruɗinsa da kyakkyawan zane.

Ka raba shekara biliyan 13 zuwa taki 1,300, kowane taki shekara miliyan 10. Ka kira nauyin gas G, saurin haihuwar taurari S, nauyin oksijin da ke cikin gas O, sabon gas ɗin da ke shiga ramin daga waje kuwa shigowa. A kowane taki:

S = G ÷ T

sabon G = G + (shigowa − S × (1 + f − r)) × taki

sabon O = O + (0.015 × S − (O ÷ G) × S × (1 + f − r)) × taki

T shi ne tsawon lokacin da gas zai ƙare in ba a ƙara ba, ka fara da shekara biliyan 1 ko 2. Harafin r kason da taurari ke mayarwa in sun mutu, wajen 0.4 in ka bi rabon nauyin taurari na Kroupa na 2001. Harafin f gas ɗin da fashe-fashe ke kora waje a kan kowane nauyin tauraro da aka haifa, fara da 2.5. Adadin 0.015 shi ne girbin oksijin, wato abin da zuriyar taurari ke ƙarawa sabo a kan nauyinta. Ka lura girbi ya dogara da yawan manya a cikin zuriya. Tun 1955 Edwin Salpeter ya nuna ƙanana sun fi yawa nesa, kuma a duk nauyin rana ɗari da aka haifa, babban tauraro mai fashewa kusan ɗaya ake samu.

Ƙarfe kashi biyu ne. Na manyan taurari kamar na oksijin za ka rubuta shi, da girbi 0.0012. Na fararen wadanni shi ke buƙatar natsuwa. A duk nauyin rana dubu ana samun fashewar Ia ɗaya zuwa biyu, don haka girbinsu yana tsakanin 0.001 da 0.002, ka fara da 0.0017. Sai dai ba a zuba shi nan take. Ka yi jerin jinkiri: sifili har zuwa shekara miliyan 150, daga nan ya riƙa sauka kamar lokaci a ƙarfin −1.1, ka daidaita shi jimillarsa ta zama ɗaya. A kowane taki ka waiwayi dukkan takun baya, ka ninka taurarin da aka haifa a wancan lokaci da kason jinkirin da ya dace da shekarunsu yanzu, ka tara. Ninkin bai kai miliyan ɗaya ba, kafin ka kurɓi shayi an gama. Kuskuren da na fi gani a nan shi ne mantawa da daidaita jimillar, sai ƙarfe ya cika ramin har ya tumbatsa.

Don mayar da sakamako zuwa ma'aunin masu awo, ka raba O da G, ka raba da 0.0056, ka ɗauki logaritim, ka sami [O/H]. Na ƙarfe ka raba da 0.0012. Bambancinsu shi ne [O/Fe].

Yanzu gwaji biyu kafin ka yarda da shirin. Ka sa shigowa ta zama adadi ɗaya kullum. Oksijin dole ya tsaya a 0.015 ÷ 3.1, wato 0.0048, ɗan ƙasa da na rana. [O/Fe] dole ya fara daga wajen +0.43 ya sauka kusa da +0.05. In ba haka ka gani ba, kuskure yana cikin layukanka.

Gwaji na biyu rufaffen akwati: ba shigowa, ba fita, duk gas ɗin yana nan tun farko. Ka bar shi har gas ya rage kashi ɗaya cikin goma, sannan ka ƙirga taurarin da sinadarinsu bai kai rubu'in na ƙarshe ba. Za ka samu kusan rabi. A maƙwabtan rana irin waɗannan matalautan taurari ba su kusa da haka ba. Sidney van den Bergh a 1962 da Maarten Schmidt a 1963 su suka fara lura da wannan giɓi, kuma shi ya tilasta wa masana, irin su Beatrice Tinsley, su karɓi cewa garken ya riƙa shan sabon gas a hankali. Da ka ga giɓin da idonka, sai ka mayar da shigowa, ka sa ta riƙa raguwa a hankali cikin shekara biliyan 6 ko 7.

Mataki na huɗu: haɗa lissafi da awo

Samfurinka layi ɗaya yake bayarwa, sama kuwa dubban ɗigo ta ba ka. Don haka ka ƙirƙiri taurarin ƙarya 10,000 daga samfurin, kowane taki ya ba da adadi gwargwadon S ɗinsa. Ka ƙara musu kuskuren awo da gangan, kamar 0.03 a sinadari, kashi 30 cikin ɗari a shekaru. Samfuri ake ɓatawa ya yi kama da awo, ba a goge awo don ya yi kama da samfuri. Akwai kuma maganar wa aka ƙirga: APOGEE ƙattai ya fi gani, kuma yawan ƙattan da zuriya ke bayarwa yana canzawa da shekarunta. Da jadawalin PARSEC za ka lissafa ƙattai nawa kowace tsara ke da su a cikin iyakar zafi da LOGG da ka zaɓa, ka auna taurarin ƙaryarka da wannan.

Sai zane uku, kuma dole su uku su dace lokaci guda. Na farko [O/Fe] da [Fe/H]. Layin yana tafiya a miƙe a sama, sannan ya lanƙwasa ya gangara, wurin lanƙwasar ake kira gwiwa. In ka rage T, gwiwa ta matsa wajen ƙarfe mai yawa, domin ramin ya yi launi da wuri kafin wadanni su farka. Shi ya sa ƙananan garkuna masu sanyin haihuwa gwiwarsu take can ƙasa da tamu. Tsayin farkon layin kuwa girbi ne ke yanke shi. A awon APOGEE yana kusa da +0.3, ba +0.43 ba, don haka ka gyara girbin ƙarfen manyan taurari har ya dace, ka rubuta abin da ka canza. Na biyu yawan taurari a kowane matakin ƙarfe. Na uku shekaru a kan [Fe/H] da kan [O/Fe].

Ga tarkon da ya fi kama mutane. Ka rage girbin oksijin rabi, 0.0075, ka sauke f zuwa 0.95. Raba 0.0075 da 1.55, za ka sake samun 0.0048. Wato ramin da aka zuba wa baba da yawa ana kwashewa, da wanda aka zuba wa kaɗan ba a cika kwashewa ba, launinsu na ƙarshe ɗaya. Jadawalan girbi kuwa, na Nomoto da abokan aikinsa ko na Limongi da Chieffi, ba su yarda da juna ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka ya gano f ba tare da ya faɗi girbin da ya ɗauka ba, rabin magana ya yi. Shekaru ne ke ɗan raba gardamar, domin saurin isa launin ƙarshe ya bambanta.

Ka fara juya T da f da tsawon shigowa da hannu, kwana biyu ko uku, har ka san abin da kowanne ke yi wa zanen. Daga baya ka miƙa wa emcee, wani shirin Python, ya yi yawon neman dacewa. Wannan ne kaɗai ɓangaren da ke cin lokaci, kuma a zafin Afrilu da Mayu na Damagaram kwamfuta takan yi zafi ta rage gudu. Ka sa shi da asuba, ka umarce shi ya riƙa ajiye sakamako a fayil bayan kowane taki ɗari, saboda kuran ba ya sallama in zai tafi.

Inda rami ɗaya ya gaza

Kome ƙoƙarinka, abu biyu ba za su fito ba. Sararin da ke tsakanin jere biyu na alfa ba zai bayyana ba, kuma za ka ga taurari masu shekaru ɗaya amma ƙarfensu ya bambanta ninki uku ko fiye.

Na farkon, Cristina Chiappini da Francesca Matteucci da Raffaele Gratton sun kawo masa magani a 1997: gas ya shigo sau biyu. Shigowar farko mai sauri ta haifi faifai mai kauri, masu alfa da yawa, aka yi ɗan hutu, sannan ta biyu mai jan lokaci ta tsinka ramin ta haifi siririn faifan da rana ke ciki. A shirinka layi biyu ne kawai za ka ƙara. Ka gwada sa shigowa ta biyu ta fara bayan shekara biliyan 1, sannan bayan biliyan 4, ka ga wanne ya dace da shekarun jeren sama.

Na biyun, ka je Kasuwar Dole ranar Alhamis. Akwai mutanen Magarya, na Matamai, na Gure, na Tanut. In ka ɗauka duk wanda ka gani haifaffen Birni ko Zango ne, tarihin da za ka rubuta ba na kowa ba ne. Taurari ma ƙaura suke yi. Hannuwan garken masu murɗewa suna tura su ciki ko waje, kamar yadda Sellwood da Binney suka nuna a 2002, kuma [Fe/H] yana raguwa da wajen 0.06 a kowane kilofasek in kana nisa da cibiya. Tauraro mai [Fe/H] na +0.4 a kusa da rana baƙo ne daga ciki. Har da baƙin wata ƙasa: a 2018 bayanan Gaia suka tona ragowar wani garke da namu ya haɗiye wajen shekara biliyan 10 da suka wuce, wanda ake kira Gaia-Enceladus, kuma za ka gane taurarinsa da ƙarancin ƙarfe da alfa da ke ƙasa da ta ƴan gida masu ƙarfe irin nasu.

Gyaran shi ne ka yi ramuka da yawa, zobe-zobe, daga kilofasek 3 zuwa 15, kowanne da nasa T da f da shigowa, na ciki masu sauri, na waje masu nawa. Sannan ka bar kowane tauraron ƙarya ya gusa daga zoben haihuwarsa da tazarar da ke ƙaruwa da shekarunsa, wajen kilofasek 3 ga mai shekara biliyan 8. Ka tattara waɗanda suka ƙare tsakanin 7 da 9, ka sake zane ukun nan. A wannan gaɓa ne ya dace ka buɗe VICE, ka ba shi girbi da jinkiri irin naka, ka ga ko layinsa ya hau kan naka. In sun rabu, fara duba r, domin shi yana mayar da gas a hankali gwargwadon mutuwar taurari, kai kuwa nan take ka mayar.